Tsohuwar wagon ta hannu: amincinta da abin da gyaranta zai ci

Malam, ka rubuto cewa iyalinka sun ƙaru, ƙaramar motar da kake hawa ta yi muku kaɗan, don haka kana tunanin sayen wagon ta hannu, wato irin motar nan mai dogon baya wadda rufinta ya miƙe har ƙarshen but, kuma waɗanda ƙarfinka zai kai gare su duk sun yi shekara 15 zuwa 20, sun kuma ci kilomita fiye da 200,000. Tambayarka ita ce ko za a iya dogara da irin wannan mota wajen ɗaukar iyali, da kuma yadda kuɗin gyaranta zai kasance idan an saye ta. Na daɗe ina aikin kanikanci, kuma irin waɗannan motoci sun sha ratsawa ta hannuna, saboda haka zan ba ka amsa gwargwadon abin da na gani da idona.

Za a iya dogara da ita, amma da sharaɗi guda wanda yawancin masu saye ba su sa shi a lissafi. Kowace tsohuwar mota tana zuwa da bashi, kuma bashin shi ne duk gyaran da mai ita na baya ya ga lokacinsa ya yi amma ya ɗaga shi, musamman daga ranar da ya ƙudurta a ransa cewa sayar da ita zai yi. Mutumin da ya san mota za ta bar hannunsa nan da 'yan watanni ba zai canza taimin bel (bel ɗin da ke daidaita aikin sassan cikin inji) ba, ba zai sa sababbin shokazoba ba, kuma ɗigar man da ya gani a ƙarƙashin inji goge ta zai yi ya rufe bonet. Ranar da ka karɓi makulli, wannan bashi ya koma wuyanka. Idan ka biya shi da kanka a watannin farko, a gareji, a lokacin da kai ka zaɓa, motar za ta iya yi maka hidima ta shekaru cikin kwanciyar hankali. Idan kuwa ka bar shi, za ka biya shi ne a gefen hanya, da iyali a cikin mota, kuma da ƙari mai yawa, domin ƙaramin abu idan ya lalace ana cikin tafiya yakan ja babban abu su tafi tare.

Abin da mutane suka fi jin tsoro shi ne inji, alhali a mafi yawan lokuta shi ne ya fi komai juriya a jikin motar. Injin fetur ko na dizal da aka riƙa canza wa baƙin mai a kan kari, wanda kuma bai taɓa yin zafi fiye da kima ba, yakan wuce kilomita 300,000 ba tare da an buɗe cikinsa ba. Abubuwan da ke gajiya su ne waɗanda ke kewaye da shi, kuma shekaru ne ke cin su ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba. Roba tana bushewa ta tsattsage, filastik ɗin da ya sha zafi da sanyi sau dubbai yana yin rauni har ya karye a hannun mai taɓa shi, rigar waya tana ƙeƙashewa, man birki kuma yana tsotsar danshi daga iska har ya sa tsatsa ta kama cikin bututun birki, dalilin da ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a canza shi duk shekara biyu. Saboda haka kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Motar da ta yi shekara 18 tana zaune mafi yawan lokaci, ana ɗan zagaya gari da ita injin bai ko gama ɗumama ba, takan fi wahalar da mai ita a kan wadda ta ci doguwar hanya kullum a hannun mai kula.

A cikin dukkan sassan da shekaru ke ci, wanda na fi so ka sa wa ido shi ne tsarin sanyaya inji: lagireto, tiyo-tiyon ruwa, famfon ruwa, tamostat, fanka da ƙaramin tankin da ruwa ke komawa idan ya yi zafi. Kowannensu shi kaɗai ba shi da tsada, amma kowannensu idan ya saki yana iya kashe inji cikin 'yan mintoci. Inji yana aiki ne a wajen digiri 90, kuma tof silinda, wato murfin saman inji, na yawancin motocin wannan zamani da alminiyom aka yi shi, wanda ba ya jure zafin da ya wuce kima. Da zarar ruwa ya tsiyaye an ci gaba da tafiya, sai tof ɗin ya lanƙwashe, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya ƙone, ruwa da mai su haɗu. Tiyon da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba shi ne ke jawo aikin kwance inji na kwana da kwanaki. Lagireton motocin shekarun 1990 zuwa sama yawanci gefensa filastik ne da aka matse a jikin alminiyom, kuma a daidai wuyan da babban tiyo ke shiga yake fara tsagewa. Shawarata ga duk wanda ya sayi motar da ta haura shekara 15 ba tare da takardar da ta nuna an taɓa canza waɗannan abubuwa ba ita ce ya canza su gaba ɗaya a zama ɗaya, ya kuma zuba ruwan lagireto na asali mai maganin tsatsa, domin zallan ruwa yana cin alminiyom daga ciki a hankali ba tare da an sani ba.

Na biyu shi ne taimin bel, bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. Masu ƙera motoci suna ba shi wa'adi iri biyu, na kilomita da na shekaru, duk wanda ya riga cika. Gwargwadon injin, wa'adin yakan faɗa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko shekara 5 zuwa 10. A injuna da yawa bawul da fistin suna amfani da wuri ɗaya ne a lokuta mabambanta, don haka idan bel ɗin ya tsinke ana gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, gyaran kuma ya ninka kuɗin canza bel sau da yawa. Bel ɗin ba ya ba da gargaɗi, ba ya ƙara, ba ya kunna fitila a dashbod. Idan mai sayarwa ya ce an canza shi amma ba shi da rasit ko takardar da aka manna mai ɗauke da kwanan wata da kilomita, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin daga cinikin. Idan an zo canzawa, a haɗa da fulin da ke ɗame shi, da fulin da yake bi, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, domin na sha ganin sabon bel ya tsinke saboda tsohon boris ɗin fuli ya cije. Injunan da ke da sarƙa a maimakon bel sun huta da wannan wa'adi, sai dai su ma sarƙar takan saki idan an yi sakaci da baƙin mai, kuma alamarta ita ce kwaramniya ta 'yan daƙiƙu idan an tayar da inji da sanyin safiya.

Duk wannan ya shafi kowace tsohuwar mota. Abin da ya keɓanta da wagon shi ne irin rayuwar da ta yi kafin ta zo hannunka. Ba kasafai ake sayen wagon don ado ba. Mai iyali da yawa ne ke sayenta, ko mai sana'ar da ke ɗaukar kayan aiki, ko mai jan tirela a bayanta. Saboda haka bayanta ya sha nauyin da salun, wato mota mai but a ware daga wurin zama, mai irin injinta da shekarunta ba ta sha ba. Ka tsaya daga nesa ka dube ta a wuri mai lebur ba kaya a ciki: idan bayan ya zauna ƙasa fiye da gaba, sifirin sun gaji. Ka dubi tayoyin baya ko sun ci ta gefen ciki, alamar bushin, wato robobin da ke mahaɗan ƙafar mota, sun mutu ƙafar ta karkace. Ka leƙa ƙarƙashin bamba ka ga ko akwai ƙugiyar jan tirela ko ramukan da aka cire ta, domin motar da ta yi jan kaya giyarta da kulocinta da birkinta duk sun yi aiki fiye da abin da mitar kilomita ke nunawa.

A nan ne kuma wani kuɗi yake ɓuya wanda mai sayen salun bai san da shi ba. Domin kada baya ya durƙusa idan an loda kaya, kamfanoni da yawa sun sa wa wagon ɗinsu tsarin da ke ɗaga bayan mota da kansa. Wagon ɗin Mercedes samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1978 zuwa 1986, da W124 da ta biyo bayanta har 1996, suna amfani da man haidurolik ne, da famfo da inji ke juyawa, da wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu iskar naitirojin a ciki. Idan ƙwallayen suka mutu, bayan motar sai ya ƙage yana tsalle kamar ba shokazoba. Volvo ta sa wa wagon ɗinta da yawa wani shokazoba mai suna Nivomat, wanda ke ɗaga kansa da motsin tafiya, kuma kuɗinsa ya ninka na shokazoba na yau da kullum. Ba a kuma musanya shi da na yau da kullum sai an canza sifirin tare, domin sifirin da ke tafiya da shi ya fi laushi. Wasu kuma, irin su BMW samfurin E39 mai dogon baya da Mercedes W211, jakar iska ta roba ce a baya da kwamfiresa mai hura ta. Jakar idan ta tsufa tana yoyon iska, kwamfiresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone, a wayi gari gyara ɗaya ya zama biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a bar motar ta kwana, a zo da safe a ga ko bayan ya sauka. Waɗannan tsare-tsare suna da kyau ƙwarai idan suna aiki, kuma ni ina son su, amma wajibi ne ka san wanne ne a motar da za ka saya, ka kuma tambayi kuɗin kayansa tun kafin ka biya.

Ƙofar baya ma tana da nata sha'anin. Tana da nauyi, ana buɗe ta sau dubbai, kuma wayoyin fitilun lamba da na waifar baya da na makulli duk ta wajen hinjinta suke bi, inda suke lanƙwashewa duk buɗewa har su karye a cikin rigarsu; tsohuwar Volvo 240 ta shahara da wannan, domin wayoyinta ta cikin hinjin kansa suka ratsa. Sandunan gas da ke riƙe ƙofar suna mutuwa, kuma ko da yake ba su da tsada, ƙofar da ke faɗowa a kan mai ɗauko kaya ko a kan yaro haɗari ce da ba a jinkirta gyaranta. Ka kuma sani cewa daga ƙofofin baya zuwa ƙarshe, kayan jikin wagon daban suke da na salun: gilasan gefe, gilashin baya, fitilun baya, bamba, wani lokaci har salansa da ƙafar baya. Peugeot 504 misali ce mai kyau, domin wagon ɗinta ta fi salun tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya, kuma aksul ɗinta na baya guda ne mai sifirin huɗu, ba irin na salun ba. Tun da a samfura da yawa wagon ɗin da aka ƙera ba su kai yawan salun ba, fitila ɗaya da ta fashe tana iya ɗaukar makonni ana nema.

Sai tsatsa, wadda ita ce abu guda da nake ce wa mutum ya juya ya tafi idan ya gan ta a wurin da bai kamata ba. Inji ana canza shi, giya ana canza ta, amma ƙashin mota idan ya ruɓe babu gyaran da zai mayar da shi yadda yake sai da walda mai tsada wadda sau da yawa ta fi ƙarfin darajar motar. Motocin da suka yi rayuwa a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, su ne suka fi kamuwa, sai kuma na bakin teku. A wagon, ka ɗaga shimfiɗar but ka ciro safaya taya ka dubi ramin da take zaune, domin robar ƙofar baya da ta gilasan gefe idan suka bushe, nan ruwa ke taruwa. Ka duba gindin ƙofar baya, da bakin tayoyin baya, da ƙasan ƙofofi inda ake kafa jak, da wuraren da ƙafar baya ta ɗaure da jikin mota, da bututun birki da na fetur da suka bi ta ƙarƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsatsar da ka gani ta kumburo fenti daga waje, ta riga ta daɗe tana ci daga ciki. Idan ka ga an shafe ƙarƙashin tsohuwar mota da sabon baƙin fenti mai kauri dab da sayarwa, ka ƙwanƙwasa wurin da kyau kafin ka yarda da shi.

Giya otomatik ita ce gyara mafi tsada da tsohuwar mota za ta iya jawo maka bayan inji, kuma a wasu samfuran ta fi injin ma. Kamfanoni da dama sun ce man da ke cikinta ba ya bukatar canji har ƙarshen rayuwar mota, amma a gareji mun ga cewa giyar da aka riƙa canza wa mai ita ce ke daɗewa. Man ya kamata ya zama garau, yawanci ja. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun riga sun ci. Ka gwada motar tana sanyi, ka kuma gwada ta bayan tafiyar aƙalla minti 20, domin wata giyar sai ta yi zafi take fara buga mutum ko jinkirin shiga. Giya manuwal ta fi sauƙin sha'ani, yawanci kuloci ne ke ƙarewa, sai dai a motocin dizal na bayan shekarun 1990 yawanci akwai fulaiwil mai ɓari biyu, wato faifan ƙarfe mai nauyi da kuloci ke kamawa, wanda ake canzawa tare da kuloci, kuma shi kaɗai yakan kai kuɗin kulocin ko ya wuce.

Ba ka ambaci samfurin da ka fi karkata gare shi ba, don haka bari in taɓa waɗanda aka fi samu. Kowane samfuri yana da cutarsa sananniya, kuma wannan alheri ne ga mai saye, domin motar da ta yi shekara 20 a duniya ba ta da sauran sirri. Wagon ɗin Toyota Corolla da ire-irenta na Japan masu injin fetur ɗan madaidaici, ba tobo, masu jan gaba kawai, su ne mafi sauƙin riƙo, kuma idan abin da kake nema shi ne ƙarancin zuwa gareji, nan zan nuna maka. Volvo 240, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, mota ce mai sauƙin gini da juriya, amma yanzu ko ƙaramarsu ta haura shekara 30, kuma wannan riƙo ne na mai sha'awa. Volvo 850 da V70 masu silinda biyar suna da inji mai ƙarfi da kujeru masu daɗin doguwar tafiya, sai dai taimin bel ɗinsu ba a wasa da shi, kuma hanyar da inji ke fitar da tururin mai takan toshe har matsi ya tura sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, ya fara zubar da mai. Ana gane haka idan aka ɗora safar hannu ta roba a bakin zuba mai inji na aiki, in ta kumbura to ya toshe. Subaru Legacy da Outback masu injin lita 2.5 na ƙarshen shekarun 1990 da shekarun 2000 an san su da matsalar tof gaskit, kuma tun da injin a kwance yake da tof biyu, hagu da dama, kanikawa da yawa sauke shi suke yi kafin su yi aikin. Ga shi kuma suna ja da ƙafa huɗu, wanda ke bukatar tayoyi huɗu iri ɗaya masu kusan ci ɗaya, don haka taya ɗaya idan ta fashe wani lokaci sai an sayi fiye da ɗaya. Volkswagen Passat ta 1996 zuwa 2005 tana da hannuwa takwas a ƙafar gaba, huɗu kowane gefe, kowanne da bushin da boljoyin ɗinsa, kuma magudanar ruwan da ke ƙarƙashin batir idan ta toshe da ganye, ruwa yakan shiga cikin mota ya jiƙa kwamfutar da ke ƙarƙashin kafet. Mercedes W124 mota ce da aka gina da inganci, amma na shekarun ƙarshe rigar wayoyin injinsu tana ruɓewa, W210 da ta gaje ta kuma tsatsa ce babbar matsalarta.

Wani abu da ya kamata ka riƙe shi ne cewa farashin mota yana faɗuwa da shekaru, amma farashin kayanta ba ya faɗuwa tare da shi. Babbar motar alfarma da aka sayar da tsada tana sabuwa, ko ta koma araha a yau, kayan gyaranta na motar alfarma ne har gobe. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu neman wagon, domin manyan na Turai suna da kyau da faɗi, kuma sukan zo da farashi ɗaya da ƙaramar ta Japan.

Game da kuɗin gyara, adadin zai bambanta da samfuri da wurin da kake, amma yadda kuɗin ke tafiya iri ɗaya ne a ko'ina. Shekarar farko ita ce mafi nauyi, domin a cikinta ake biyan bashin da na ambata. Abin da nake ba mutane shawara shi ne kada su kashe duk abin da suka tanada a kan sayen motar. Su riƙe kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma ɗaya cikin uku idan ta Turai ce mai kayan lantarki da yawa, don aikin farko: dukkan mayuka da filtoci, taimin bel, kayan sanyaya inji, birki, batir idan ya gaji, da tayoyi. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta kai shekara 10 a canza ta ko da zanenta bai goge ba. Bayan wannan shekara kuɗin yakan sauka ya daidaita, amma ba ya zuwa daidai wa daida kowane wata. Za a yi watanni shida ba a kashe komai ba sai canjin mai, sannan altaneta da boris ɗin taya su tashi a wata guda. Wanda ke ware wani abu kowane wata ba ya jin wannan a jikinsa.

A gyare-gyare da yawa ladan aiki ya fi kuɗin kayan. Sil ɗin bayan inji ɗan zoben roba ne, amma sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Ƙaramin lagireton hita da na na'urar sanyaya cikin mota suna bayan dashbod, kuma a motoci da yawa sai an kwance dashbod ɗin gaba ɗaya. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe wuri mai wuyar kaiwa, a canza duk abin da ke wurin wanda ya kusa ƙarewa, kuma a sa kaya mai inganci, domin idan aka sa na araha ya mutu bayan wata shida, ladan aikin ne za a sake biya. Akwai wuraren da kayan hannu daga motar da aka yanka suke da kyau, kamar ƙofa, fitila, gilashi da kujera, amma bel, sil, tiyo, kayan birki da boljoyin sababbi ake sawa. Kafin ka zaɓi samfuri, ka tabbatar akwai bakaniken da ya san shi sosai kusa da kai, kuma kayansa suna samuwa ba tare da dogon jira ba. Mota mai inganci a hannun wanda ke koyo a kanta takan ci kuɗi fiye da matsakaiciya a hannun wanda ya san ta ciki da waje.

Ranar dubawa, ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ka kuma nemi a bar injin da sanyi har ku iso, domin inji mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga silinda. A kunna makulli a ga dukkan fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan fitilar da ke tona asiri. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001 da na dizal daga 2004, duk suna da soket mai baki 16 kusa da sitiyari inda ake jona na'urar bincike. A jona ta, a kuma duba ko an goge bayanan kwanan nan. A auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. A auna caji inji na aiki, ya kasance tsakanin bolt 13.5 da 14.5. A ɗora motar a kan rami ko a ɗaga ta, a girgiza kowace taya, a bi ƙarƙashinta da tocila daga gaba har baya. A gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da wadda ke cikin takardu. Sannan a nemi rasit ɗin gyare-gyaren baya, domin a wurina mota mai kilomita 280,000 da tarin rasit ta fi mai 160,000 wadda ba a san tarihinta ba, balle ma mitar kilomita abu ne da ake iya juyawa.

Idan tafiye-tafiyenka gajeru ne a cikin gari, ka guji dizal na wajen 2009 zuwa sama, domin suna da matatar toka a salansa wadda sai da doguwar tafiya take ƙone abin da ta tara, kuma idan ta toshe, ita da nozul da tobo kowannensu gyara ne mai nauyi.

Wata rana babban gyara zai zo, ka tsaya kana tunanin ko ka yi ko ka rabu da ita. Mutane sukan gwada kuɗin gyaran da abin da motar za ta yi a kasuwa, su ce bai dace ba. Ni ina ganin abin da ya kamata a gwada shi da shi shi ne kuɗin samun wata motar da ka san cikinta kamar yadda ka san wannan, tare da sabon bashin da ita ma za ta zo da shi. Idan jikin wagon ɗinka ba tsatsa, injinta bai shan mai, ka kuma riga ka sabunta sanyaya da birki da ƙafafu, canza kuloci ko ma giya yakan zo da rahusa fiye da sayen wata motar. Idan kuwa tsatsa ta kama inda ƙafar baya ta ɗaure, ko injin ya taɓa yin zafi har ya fara shan ruwa sannan giya ma ta fara jinkiri, to kada ka ƙara zuba kuɗi a ciki. Idan kuma aikinka irin wanda rashin mota na kwana biyu zai jawo maka asara ne, kuma ba ka da wata hanyar fita, ka rage girman burinka ka sayi ƙaramar wagon mai injin fetur ba tobo, mai sifirin na ƙarfe a baya, mafi ƙarancin shekaru da kuɗinka zai kai bayan ka ware na gyaran farko.